Ƙwai a Cikin Tarwaɗa

Jiya da hantsi jikata ta dawo daga kasuwa da tarwaɗa biyu a bokiti, masu rai, suna ta marin robar da wutsiya. Na ce ta miƙo in gyara da kaina, don yaran yanzu ba su iya kifi ba, sai su fasa maɗaciya su ɓata wa mutum miya. Na kama babbar na juya ta. Kafin in kai wuƙa, babban yatsana ya sauka a kan cikinta, sai na ji laushi. Laushin nan na san shi, kamar an ƙulla jiƙaƙƙen gero a tsumma. Na ajiye wuƙar. Yarinya tana ta tambayata ko yankewa na yi, ni kuwa tuni na bar tsakar gidan nan na Kaduna, ina tsaye cikin ruwa iya gwiwa a tafkin ƙauyenmu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Bari in faɗa muku inda tafkin yake, ko da yake yanzu ba mai zuwa. Ƙauyenmu yana ƙasar Birnin Gwari, daf da dajin Kamuku, inda gonaki suke ƙarewa maɗaci da kanya su karɓa. Tafkin yana gangare, ba nisa. Da damina rafi yake cika shi har ya kwanta cikin ciyawa, da rani kuma ya ja baya ya bar laka tana tsattsagewa. Can muke wanki, can shanun Fulani suke sha ta wancan gefe, can muke ciro bado mu ɓare mu ci har Inna ta aiko a kira mu. Da sassafe yana da wani wari na laka da ruɓaɓɓen ganye wanda baƙo zai toshe hanci saboda shi. Ni kam da zan samu a sayar mini da shi yau, wallahi da na saya.

Kakana, mahaifin babana, shi ne sarkin ruwa. Kada ku ɗauka wata sarauta ce ta rawani da fadawa. Ƙahon gwanki ne guda rataye a ɗakinsa, da doka ɗaya: ba mai jefa tarun kifi, koma ko homa, a tafkin nan sai ya busa ƙahon. Sau ɗaya a shekara ake yin su, wato kamun kifi na gayya, cikin bazara, in ruwa ya ja sosai, zafi ya kai inda mutum zai ji kamar ya tuɓe fatarsa. Ranar su ba a zaman gida. Masu salla da masu zuwa coci, duk a gefe ɗaya suke jeruwa. Matan Gbagyi su gangaro da manyan ƙore a kafaɗa, Fulani su tsaya can baya suna kallo suna dariya, ka ji Hausa ta haɗu da yare biyu uku a baki ɗaya. Kwana uku bayan nan garin ba ya warin komai sai bandar kifi.

Amma kafin a busa ƙahon akwai abin da ake yi. Kaka zai shiga ruwa shi kaɗai, jama'a na tsaye shiru, ya yi ta jefa homa har ya kamo tarwaɗa mace. Sai ya taɓa cikinta. In cikin a ɗame yake, ya busa, a faɗa ruwa. In kuwa ya ji ƙwai, to an makara ke nan, kifi ya shiga haihuwa. Sai ya mayar da ita ruwa, kowa ya naɗe komarsa ya koma gida, sai baɗi. An ce a zamanin mahaifinsa an taɓa komawa haka, mutane suka yi ta gunaguni amma ba wanda ya jiƙa ƙafa. Kaka yakan ce ba shi ke buɗe tafki ba, kifi ne ke faɗa, shi busa kawai yake yi.

To, tsufa ba ya tambayar sarauta. Ina 'yar shekara takwas yanar ido ta rufe masa gani, yatsunsa kuma suka mutu, ko garwashi ya ɗauka sai ya ji ƙauri kafin ya ji zafi. Jikokinsa maza suna nan birjik, amma ni ya zaɓa, wai su hannunsu na fartanya ne. Yakan zaunar da ni a gindin kanya da kifin da aka kamo daga rafi, ya ce in rufe ido in taɓa. Wannan ta ƙoshi ne, wannan kitse ne, wannan ƙwai. In na yi kuskure ya ce, "Haba amarya, da wannan hannun za ki dama mini fura?" Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son tsoho mai warin kifi. Su na shekara biyu aka yi ina tsaye kusa da shi cikin ruwa, shi ya kamo, ni in taɓa in faɗa masa a kunne. Mutane suka sa mini suna yatsun sarkin ruwa. Ina jin kaina fa a lokacin, ko yayyena ba na gaisarwa da kyau.

Babana kuwa malamin daji ne. Shi kaɗai ne a gidanmu ya taɓa sa kakin hukuma. Kafin ya samu aikin nan mun sha wuya, don ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfin noma. Da aikin aka yi mana rufin kwano, da shi aka sa ni makaranta ina mace, abin da ya sa wasu dattawa suka daina amsa gaisuwarsa wata guda. Kullum da safe zai goge kekensa, ya ɗaura hular kakin, ya shiga gandun daji yana duba wanda ya sare itace ba izini. Kaka bai taɓa kiransa da wani suna ba tun daga ranar sai Malamin daji, rabi alfahari rabi tsiya.

A shekarun nan ne, bayan yaƙin basasa ya lafa, ofis na gari ya fara sa ido a kan komai. Biki, dambe, wasan kalankuwa, taron coci a fili, duk sai an je an karɓo takardar izini da hatimi. Sannan aka ce bakin tafkinmu ya shiga hannun hukuma, za a mai da shi wurin shaƙatawa. In faɗi gaskiya, ba duka ne sharri ba. Sun hana sare itatuwan bakin ruwa, waɗanda masu gawayi suka fara yi wa ɓarna. Sun hana zuba wa kifi guba, abin da Kaka ya yi shekaru yana faɗa a kai ba mai jin sa. Babana da hannunsa ya dasa darbejiya a jere, ya kewaye kowacce da ƙaya saboda awaki, yana ɗebo musu ruwa da garwa yana ɗingishi. Aka kafa allo da rubutu. Aka ce za a zuba bencina na siminti, a yi rumfa, kuma su na shekarar nan shi ne zai zama bikin buɗe wurin, da babban baƙo daga Kaduna.

Nan matsalar ta fito. Bazara ta yi, ruwa ya ja, kifi yana ta bulbulo da baki sama. Kaka ya aika ofis a ba shi takarda, aka ce siminti bai iso ba. Ya sake aikawa, aka ce baƙon yana da wani taro. Karo na uku da kansa ya tafi, babana ya goya shi a keke har gari. Sakatare, wani matashi mai fara'a wanda bai taɓa jiƙa wandonsa a tafki ba, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce, "Baba sarkin ruwa, kifin zai gudu ne? Ai yana nan cikin ruwa yana jiranmu." Kaka ya yi masa bayanin ƙwai. Sakatare ya ji daɗin labarin ƙwarai, ya ce lalle a yi wannan taɓa cikin kifin a gaban baƙo, irin al'adun da ake so a nuna ke nan. Shi a ganinsa wasa ne, kamar rawar 'yan mata da aka shirya.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Kwaɗi suka fara kuka, ƙasa ta yi ƙamshi, mutane suka fita shuka. Sai ga masinja da takarda, an sa rana.

Kaka bai yi faɗa ba. Ya ce to, a je, kifi zai faɗa. Hankalinsa kwance yake, don ya san abin da za a tarar, kuma ya san abin da zai yi.

Ana jibi su, da la'asar, ina bayan rumbu ina tsince wake, na ji babana yana magana da Inna ƙasa-ƙasa. Ya ce sakatare ya kira shi ya gaya masa cewa an gayyato manya, an yanka sa, in tsohon nan ya kunyata su a gaban baƙo, to ya tuɓe kakin ya ajiye a kan tebur, tunda ya kasa da gidansu ba zai iya da daji ba. Inna ta ce ya je ya roƙi Kaka mana. Babana ya ce, "In roƙe shi ya yi me? Ya ce babu alhali akwai?" Na ji Inna ta ci gaba da daka, amma taɓaryar ba ta sauka daidai.

Ina so ku riƙe wannan: ba wanda ya ce mini komai. Babana bai san na ji ba. Inna ba ta ko kalle ni ba. Ni kaɗai na kwana biyu da abin a ciki, ina kallon kwanon rufinmu, ina kallon jakar makarantata, ina kallon ƙafar babana.

Ranar ta zo da hadari-hadari. Ban taɓa ganin taro irin wannan a tafkin ba. An share bakin ruwa tas, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, bencinan ko gama bushewa ba su yi ba. 'Yan doka suka ja igiya suka tsayar da jama'a bayanta. Motoci biyu suka iso a makare, baƙon ya zauna a rumfa, 'yan makarantarmu suka yi waƙa, aka yi jawabi da Turanci aka fassara. Masunta suna tsaye da gora da koma tun safe, tsofaffin cikinsu ba sa kallon rumfa, ruwan suke kallo. Ya ɗan ƙaru, ya yi ja-ja, ya fara taɓa ciyawa. Kowane tsoho a wurin ya san ma'anar wannan.

Muka shiga, ni da Kaka. Ruwan da sanyi. Jifa na uku ya kamo ta, ƙatuwa, baƙa wuluk, tana ta fizga. Ya riƙe kanta da hannayensa da ba sa ji, ya juyo mini da cikin.

Ban ma danna ba. Yatsana yana sauka na ji ƙwai, taf, har wasu 'yan ƙwayoyi kore-kore suka fito suka manne mini a farce. Na yi maza na tsoma hannun a ruwa. Na ɗaga kai, sai ga babana can bakin igiya cikin kakinsa da Inna ta goge da dutsen guga, ya tsaya ƙyam, ya jingina nauyinsa a kan ƙafar mai lafiya. Ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

Kaka ya sunkuyo da kunnensa. Na ce, "Babu."

Bai motsa ba. Na ji numfashinsa a kan goshina. Can ya ce, "Jikata, sake taɓawa." Bai ce amarya ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira ni jikata ba. Na sake ɗora yatsa, don dai a ga na ɗora. Na ce, "Babu, Kaka."

Ya ɗaga farin idonsa wajen da jama'a suke, kamar mai neman wani. Ba ya gani, amma ya san inda ɗansa yake tsaye. Ya daɗe a haka, har sakatare ya fara duba agogo. Yana iya kiran kowane tsohon masunci ya zo ya taɓa, da magana ta ƙare a nan, da kuma duk ƙasar ta ji cewa jikar sarkin ruwa ta yi ƙarya a cikin ruwa. Bai kira kowa ba. Ya buɗe hannu a hankali ya saki tarwaɗar, abin da ba a yi in za a buɗe tafki, don ta farko ta sarkin ruwa ce. Sannan ya jawo ƙahon daga wuyansa ya busa.

Kai, an kama kifi ranar nan! Kifi mai ƙwai ba ya da gudu, kuma duk ya taru a bakin ciyawa. Samari suna ta ihu, ana cika ƙore ana juyewa. Baƙon ya miƙe yana tafi, aka ɗauki hoto, aka zaɓa masa manya aka sa a mota, kafin la'asar sun tafi. Sai mata suka zauna gyara. Duk wadda aka farka, ƙwai. Aka tara shi a ƙore har yana zuba, yara suna murna za a soya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai zuwa coci, wadda ta yi su a tafkin nan tun tana budurwa, ta ɗago hannunta cike da shi ta dube ni. Ta goge hannun a ciyawa ta tashi ta bar kasonta a wurin.

A gidanmu an yi miyar kifi da yamma. Babana ya ce cikinsa ba daɗi. Kaka ya ce a ba shi kunu.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, Kaka ya ce in ja shi zuwa gindin kanya. Na ɗauka duka zan sha, kuma wallahi da na fi son dukan. Muka zauna. Ya lalubo hannuna ya riƙe, yana juya shi kamar yana jin wani abu. Ya ce, "Ni na busa ƙaho, ba ke ba. Wannan nawa ne, kada ki ɗauka." Na fashe da kuka. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, "Amma hannun nan ya ji. Ki daina ƙaryata shi." Daga nan ya koma tsokanata, wai amarya mai majina ba ta shiga ɗakinsa.

Ya ci gaba da kirana amarya har ya rasu. Yana ajiye mini ɗinya, yana ba ni ragowar furarsa. Amma bai ƙara sa mini kifi a hannu ba, ko sau ɗaya. Da bazara ta zagayo ya aika wa ofis cewa ya tsufa, hannunsa ya mutu, su nemi mai buɗe musu. Ba su nemi kowa ba. Suka sa rana a takarda, ɗan doka ya busa usur, aka faɗa ruwa. Wata shekara ranar ta dace, wata shekara ba ta dace ba, ba mai tambayar kifi. Ba zan ce su ɗaya ne ya cinye tafkin ba, ƙarya ne. A hankali abin ya tafi. Kafin in yi aure, abin da ake kamawa bai fi a yi miyar kwana biyu ba, mutanen nesa suka daina zuwa, garin ya daina warin banda.

Babana ya riƙe aikinsa har ya yi ritaya. Na gama makaranta, na yi aikin koyarwa, duk abin da na zama daga kakin nan ya fito. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai bayan rasuwar Kaka, shi ya ɗauki ƙahon ya rataye a ɗakinsa, kusa da hular aiki, kuma duk ranar su yakan sami wani aiki can cikin gandun daji.

Yanzu shekaru ke nan ban taka ƙauyen ba. Kun san abin da dajin nan ya zama, ba sai na faɗa ba. Danginmu sun watse, wasu suna cikin gari, wasu Kaduna, wasu Zariya, wasu kuma sai dai addu'a. Wani ɗan ƙanena da ya ratsa ta wurin ya ce darbejiyoyin babana sun zama manya, inuwarsu har cikin ruwa, bencinan sun tsage, allon ya faɗi. Ya ce ciyawa ta rufe rabin tafkin, kuma tunda ba mai zuwa, kifi ya dawo, da ido ake ganinsa. Na yi dariya, sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ina kewar wurin nan, kewa irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Ina so in sake jin warin lakar, in ji hayaniyar matan nan da yarensu, in ji sanyin ruwan a gwiwata da numfashin tsohon nan a goshina. Minti ɗaya kawai nake so a mayar mini, ba ranar duka ba. Kuma har yau ban san ko da an mayar mini zan iya kallon babana a bakin igiya in faɗi daidai ba.

Jiya dai, ina zaune da tarwaɗar a hannu, jikata ta dafa kafaɗata ta ce, "Kaka, lafiya? Me kika ji?"

Na kamo yatsanta na ɗora a kan cikin kifin, na ce ta rufe ido. Ta yi ta ƙyalƙyala dariya, wai santsi. Ba tafkin da zan mayar da tarwaɗar, wannan a kududdufin siminti aka yi kiwonta, kuma miya na jira. Amma na sunkuya kusa da kunnen yarinyar, kamar yadda ake yi, na faɗa a fili.

Na ce, "Akwai."